DAGA HISABI ZUWA LISSAFI: WAIWAYE A KAN TARIHIN WANI ILIMI DA MAKOMAR MASU KARANTA SHI

Gabatarwa

Wata rana da la'asar sakaliya wani maƙwabcina a unguwar Limawa ta Jimeta ya yi mini sallama, riƙe da takardar shiga jami'a ta ɗansa. Yaron ya nemi karatun injiniya ne, sai aka ba shi lissafi. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, kai da ke cikin jami'a, gaya mini tsakani da Allah, wanda ya karanta lissafi me zai zama in ba malamin makaranta ba?" Ni ɗalibin adabi ne, rabona da ajin lissafi tun sakandare, saboda haka amsar da na ba shi a ranar ba ta gamsar da shi ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba. Wannan maƙala ƙoƙari ce ta biyan wancan bashi. Za ta bi sawun ilimin lissafi a ƙasar Hausa da Adamawa tun daga zauren malamai har zuwa jami'a, sa'annan ta dubi irin ayyukan da ke jiran mai wannan ilimi.

Masana sun kasa lissafi gida biyu. Akwai tsantsar lissafi, wanda ke bin ƙa'idojin lambobi da siffofi domin su kansu. Akwai kuma lissafi a aikace, wanda kan ɗauki wata matsala ta rayuwa, kamar ambaliya ko annoba ko rabon dukiya, ya mayar da ita lambobi, ya warware ta, sa'annan ya komo da amsar ga masu matsalar. A kan wannan kashi na biyu maganarmu za ta fi karkata.

Hisabi a zauren malamai

Sunayen unguwannin Jimeta ma sun isa su fara mana bayani. Ga Limawa, ga Alƙalawa. Liman da alƙali kuwa babu wanda aikinsa ke tafiya ba da lissafi ba. Liman ke lura da inuwa domin sanin zawali, shi ke ƙirgen kwanan wata. Alƙali ke rabon gado, wanda malamai ke kira fara'ili, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil ya san babin gado ne ke kayar da ɗalibai.

Rabon da aka ƙayyade a gado shida ne: 1/2 da 1/4 da 1/8 da 2/3 da 1/3 da 1/6. Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Matar tana da 1/8, 'ya'yan suna da 2/3, uwa 1/6, uba 1/6. Alƙali zai nemi lambar da duk waɗannan za su fita daga cikinta ba gutsure, wato 24. Matar ta sami 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. In aka tara sai a ga 27, alhali dukiyar kashi 24 aka yi mata. Maganin da malamai suka bayar shi ne auli, wato a sake raba dukiyar kashi 27, kowa ya ɗan ragu gwargwadon rabonsa. Ta haka rabon matar ya koma 3 cikin 27, wato 1/9. Wannan ita ce mas'alar da ake kira Mimbariyya. Dattijon da ya iya warware ta a kan allo, ko bai taɓa shiga aji ba, ya riga ya san abin da ake koya wa 'yan makaranta da sunan lissafin ɓangarori.

Dangantakar gado da lissafi tsohuwa ce. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ba da kaso mai yawa na littafin ga matsalolin gado da wasiyya. Daga sunan littafin Turawa suka samo sunan fannin aljabara, daga sunan marubucin kuma suka samo kalmar da masu kwamfuta ke kiran jerin matakan warware matsala.

Haka abin yake a zakka. Bafulatanin Adamawa mai shanu 30 zai fitar da maraƙi, mai 40 zai fitar da saniya. Manomin damina zai fitar da ushiri, wato 1/10, wanda ya sha wahalar ban ruwa kuwa rabin haka, mai kuɗi 1/40. Ta fuskar noma, malaman hisabi sun raba shekarar rana zuwa taurari 28, kowane yana da kwana 13 in ban da guda mai 14, jimla kwana 365. Da wannan ƙirge ake faɗa wa manoma lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ɗauke.

Mu ma 'yan adabi muna da namu kaso. Mawaƙan ƙarni na 19 kan rufe waƙa da ramzi, wato su ɓoye shekarar da aka yi ta cikin haruffa. A ƙirgen abajada irin na Magariba, wanda malamanmu ke bi, harafin shinun 1000 ne, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. In aka haɗa huɗun sai a sami 1218, shekarar Hijira da Shehu Usmanu ya yi ƙaura zuwa Gudu, daidai da 1804. Ilimin aruli kansa, wanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8, awo ne da ƙirge, domin cikin da'irori biyar ya jera karuruwan waƙa.

Bakatsine a Alƙahira

Wanda ya fi shahara a wannan fage daga ƙasarmu shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi. Ya yi karatu a ƙasar Hausa da Barno, ya tafi aikin hajji wajen 1730, daga nan ya zauna a Masar. A 1732 ya rubuta littafi a kan ilimin haruffa da aufaƙi, wanda ake kira Bahjatul Afaƙ. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman Aljabarti.

Aufaƙi shi ne abin da Bahaushe ya sani da hatimi. Murabba'i ne da aka yanka gida-gida, aka zuba lambobi ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara: layin sama 8, 1, 6; na tsakiya 3, 5, 7; na ƙasa 4, 9, 2. Ta duk inda aka bi 15 za a samu. Mai gida 25 kuwa jimlarsa 65 ce. Alkatsinawi ya bayyana hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai masu gefe mara, wato 3 ko 5 ko 7, mataki bayan mataki, yadda ɗalibi zai iya gina kowane da kansa.

Gaskiya ne cewa layu da asirai aka fi nufi da hatimi a wancan zamani, kuma malamai da yawa sun soki wannan amfani. Amma hanyar ginin ita kanta lissafi ce tsagwaronta, shi ya sa masu binciken tarihin lissafi a Afirka ke ambaton sunansa har yau. Abin lura a nan shi ne, shekara kusan 300 da suka wuce, wani ɗan ƙasar nan ya je babbar cibiyar ilimi ta duniyar Musulmi, aka zauna gabansa ana ɗaukar karatun lambobi.

Kasuwa da haraji

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Shekara huɗu bayan rasuwarsa, a watan Yuni na 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso garin a zamanin Lamiɗo Lawal. Ya tarar ana ciniki da ƙyallayen saƙi da ake kira leppi da Fulatanci, alhali a Kano wuri ne kuɗi. Ke nan Bahaushen da ya yi fatauci daga Kano zuwa Fombina sai ya riƙe lissafin canji iri biyu a kansa. Ƙirgen wuri ma sana'a ce mai zaman kanta: biyar-biyar ake jan sa, a tara ɗari-ɗari, wuri 20,000 su ne keso guda.

Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice. Mulkin mallaka ya zo da nasa buƙatun lissafi. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda lissafi ke cikin darussan farko. A ƙasar Kano aka fito da harajin taki, malaman taki suna auna gonaki da sawu, suna fitar da abin da mai gona zai biya. Baitulmalin En'e ya buƙaci ma'aji da akawu. Jimeta kuwa ta bunƙasa ne a matsayin tashar jiragen ruwa a bakin Binuwai. Jirage ba su iya hawowa sai 'yan watannin da kogi ya cika, saboda haka gyaɗa da auduga da fatun shekara guda dole a auna su, a lissafa, a loda su cikin wannan ɗan lokaci.

A nan ne aka sami wata ɓaraka da har yanzu ba ta ɗinke ba. Lissafin boko ya shigo ta ƙofar haraji da sikelin kamfani, sai talaka ya riƙa kallon sa a matsayin kayan aikin mai karɓa. Hisabin zaure kuma aka bar shi a zaure, ba a gina masa gada zuwa aji ba. Yaro ya tashi yana zaton lissafi baƙo ne, alhali kakansa na rabon gado da shi.

Ɗan Belel a Kembirij

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. A 1950 Chike Obi ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya sami digirin dakta a lissafi. Ba a daɗe ba Adamawa ta fitar da nata gwarzon. An haifi Iya Abubakar a Belel a 1934. Ya yi Kwalejin Barewa a Zariya, ya fita Ibadan da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi, ya sami digirin dakta a Jami'ar Kembirij ta Ingila.

Bincikensa lissafi ne a aikace. A 1962 ya buga nazari a kan yadda igiyoyin motsi masu ratsa daskararrun abubuwa ke warwatsuwa idan suka ci karo da fuska mai gargada. Ga mai sauraro daga nesa wannan kamar wasa da hankali ne. Amma irin waɗannan igiyoyi su ne na girgizar ƙasa, kuma da su masu neman man fetur ke gane abin da ke ƙarƙashin ƙasa: a aika da girgiza, a saurari yadda ta dawo, lissafi ya fassara. Iya Abubakar ya zama farfesan lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, ya riƙe ministan tsaro a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ya kuma wakilci Adamawa ta Arewa a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007. Da maƙwabcina ya san wannan tarihi, da wataƙila tambayarsa ta sauya.

A 1981 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Yola. An haɗe ta da Jami'ar Maiduguri a 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988. A 2011 aka sa mata sunan Modibbo Adama, a 2021 kuma aka mayar da ita cikakkiyar jami'a mai kowane fanni. A harabarta da ke Girei an yaye ɗalibai a lissafi da ƙididdiga da ilimin tsara ayyuka. A 1988 ɗin nan ne kuma aka kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda ke Sheda kusa da Abuja. Daga baya Jami'ar Jihar Adamawa ta zo a Mubi a 2002. Ke nan ɗan Limawa ba ya buƙatar ƙetare teku kamar Alkatsinawi kafin ya sami malami.

Sauro da ambaliya

Domin a ga abin da wannan ilimi ke iya yi, bari mu ɗauki misali biyu daga ƙasarmu.

Na farko zazzaɓin cizon sauro ne. A 1911 Ronald Ross ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro kakaf ba kafin cutar ta mutu a gari. In yawansa ya sauka ƙasa da wani mizani, yaɗuwar za ta tsinke da kanta. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin ke Jihar Kano, daga 1991 kuma ta koma Jigawa. An yi feshi, an raba magani, an riƙa ɗibar jinin mutanen ƙauyuka ana ƙirga sauro. A 1974 masana uku, Dietz da Molineaux da Thomas, suka fitar da tsarin lissafi mai kwatanta yaɗuwar cutar, suka gwada shi da alƙaluman Garki. Sakamakon ya nuna cewa a irin wannan yanki feshi da magani na rage cutar ƙwarai, amma ba su isa su kawar da ita ba. Wannan darasi ya shiga cikin tunanin masu tsara yaƙi da cutar a duniya, kuma a ƙauyukan Hausawa aka koye shi.

Na biyu yana bakin ƙofarmu. An kammala madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai, a arewacin Kamaru, a 1982. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a yankin Fufore domin tare rarar ruwan ta daɗe a kan takarda. A 2012 da aka saki ruwa daga Lagdo a kan damina mai ƙarfi, ambaliya ta ci garuruwan bakin kogi daga Adamawa har Neja-Delta. Hukuma ta ce mutum 363 suka rasu a ƙasar, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 aka sake yi, waɗanda suka rasu suka haura 600.

Tambayoyin da mutumin bakin kogi ke yi duk na lissafi ne. In an buɗe madatsa yau, yaushe ruwan zai iso gadar Jimeta? Zai hau mita nawa? Wace unguwa zai fara shiga? Tushen amsar mai sauƙi ne. A ƙaddara kogi mai faɗin mita 500 da zurfin mita 4, ruwansa na gudun mita 1 a daƙiƙa. In aka ninka ukun, ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa ya kai mita 2,000 na awon cika. In abin da ke tahowa ya fi abin da kwarin kogin zai ɗauka, rarar gonaki da gidaje za ta nufa. Wahalar ita ce faɗi da zurfi da gudu duk suna sauyawa daga wuri zuwa wuri, ga ruwan Faro da na sauran rafuka na ƙaruwa a hanya. Nan ne ake buƙatar wanda ya yi shekara huɗu yana koyon lissafin abubuwa masu sauyawa, ya kuma iya sa kwamfuta ta yi masa aikin. Gargaɗin kwana biyu na iya zama bambanci tsakanin asarar gona da asarar rai.

Ina aikin yake?

Daga abin da ya gabata za a iya gane inda ake neman mai wannan ilimi. Akwai hukumomin ruwa da yanayi, ciki har da Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama mai hedkwata a Yola. Akwai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ta ƙidayar jama'a. Akwai bankuna da kamfanonin inshora, da na fansho waɗanda dokar 2004 ta haifar, masu buƙatar wanda zai lissafa abin da za a tara yau domin biyan wanda zai yi ritaya bayan shekara 30. Akwai kamfanonin wayar salula da suka fara aiki a 2001. Akwai ma'aikatun lafiya, waɗanda cutar Ebola ta 2014 da annobar korona ta 2020 suka nuna musu darajar hasashen lissafi. Ilimin tsara ayyuka, wanda ya samo asali a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ke amsa tambayar mai motocin dakon kaya ko mai masana'antar sukari: da wannan kuɗi da waɗannan motoci, wace hanya ce mafi arha?

Sai dai ba a ɓoye wa ɗalibi gaskiya. Takardar digiri ita kaɗai ba ta buɗe waɗannan ƙofofi. Mafi yawan guraben ba a rubuta musu sunan lissafi a ƙofa ba, kuma mai ɗaukar aiki abin da hannu zai iya yake tambaya. Ɗalibin da ya haddace ƙa'idoji domin jarrabawa, bai koyi rubuta umarnin kwamfuta ba, bai taɓa riƙe alƙaluman gaske ya tsefe su ba, zai sha wuya. Wanda ya haɗa lissafinsa da ƙididdiga da kwamfuta, ya kuma zaɓi fage guda ya san shi, ko ruwa ko lafiya ko kuɗi, shi ne kasuwa ke nema.

Koyarwar da maƙwabcina ya raina kuwa, ita ce uwar sauran. Babu injiniya ko likita da bai bi ta hannun malamin lissafi ba, kuma duk wanda ya san makarantunmu na karkara ya san yadda ake neman irin wannan malami ido rufe.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa lissafi ya daɗe a gidan nan. Ya zauna a zauren alƙali da sunan fara'ili, ya bi fatake da keson wuri, ya kai Bakatsine Alƙahira, ya kai ɗan Belel Kembirij. Abin da ya rage shi ne ɗinke ɓarakar da aka ambata, kuma a nan mu ma'abota harshe muna da aiki. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci har shekara shida, ya nuna cewa harshen uwa ba ya tauye yaro a lissafi. A 1990 an buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka sama wa harshe da adabi kalmomin aiki. Ya kamata malaman Hausa da na lissafi su zauna tebur guda su yi wa lambobi irin wannan hidima, su fara da kalmomin da ke hannun malaman zaure kafin su ƙirƙiro sababbi.

Ga maƙwabcina kuwa, amsata ita ce ya bar yaron ya tafi, ya sa masa albarka, ya kuma ja kunnensa a kan kwamfuta tun daga ajin farko. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Unguwar da ta gaji sunanta daga masu ƙirgen wata da awon inuwa, bai kamata a ce ɗanta na jin kunyar karatun lissafi ba. Binuwai kuwa duk shekara sai ya cika, kuma wani ne zai lissafa mana iyakar inda zai kai.